Ɗaki biyu da lambu a duwatsun Abzin: na riba ne ko na hutu?

Wata uku ke nan da ƙanena da ke Abijan ya turo mini hotuna bakwai ta WhatsApp cikin dare, sannan ya biyo su da saƙon murya. Ɗan ƙaramin gida ne, ɗaki biyu da rumfa, gininsa rabi dutse rabi laka, a gindin wani tsauni kusa da Timiya. A bayansa akwai lambu mai itatuwan lemu goma sha wani abu, da rumman, da rijiya. Wani abokin kasuwancinsa ɗan Agadas ne ya kawo masa labarin cewa masu shi za su sayar, miliyan 6 na sefa. Tun kafin ya gama magana na ji a muryarsa cewa zuciyarsa ta riga ta tafi can.

"Yaya, ka diba mini. In na zo hutu in samu inda zan kwana ba fanka ba hayaniya. In baƙi sun dawo in ba su haya. Kuma ai ƙasa ba ta faɗuwa. Mi ka gani?"

Ni ya tambaya saboda na yi aikin malamin gona a Keita shekaru da dama, daga baya aiki ya kai ni jihar Agadas, na sha kwana a garuruwan Abzin kafin 2007. Kuma na taɓa sayen irin wannan gida da kuɗin gumina, nan cikin duwatsunmu na Adar. Na san ba shi kaɗai ke wannan tunani ba. Akwai ƴan bida da Allah ya buɗa wa, akwai manyan ma'aikata na Yamai da ke gab da ajiye aiki, duk wanda ya gaji da zafi da ƙura da hayaƙin babur yakan yi mafarkin ɗaki a kan dutse. Abin da na lura shi ne kusan kowa yana zuwa da buri biyu a hannu ɗaya, hutu da riba, alhali taura biyu ba ta taunuwa. Gidan da ya fi daɗin hutu shi ne wanda ya yi nisa da mutane, gidan da ke kawo kuɗi kuwa shi ne wanda mutane ke turuwa a ƙofarsa.

Zan fara da abin da ya ja shi, don gaskiya ne, kuma ni ma ya ja ni. Duk wanda ya yi watan Afrilu da Mayu a Tawa ya san abin da nake nufi: zafi ya haura digiri 40, wuta ta ɗauke, mutum ya jiƙa zane ya shimfiɗa a tsakar gida, kafin barci ya zo zanen ya bushe. A Abzin akwai Bagzam, inda ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Nijar take, mita 2,022. Timiya ba ta kai can sama ba, kuma da bazara rana tana duka a can ma, kada a ruɗi kowa. Amma dare yana sauka da sanyi, iska ba ta da nauyi, kuma a watan Disamba da Janairu sai mutum ya ɗumama ruwan alwala.

Akwai wata asuba da ba na mantawa. Na kwana a rumfar mai masaukina, wani dattijo Ba'abzine da ke jin Hausa kamar ni, don iyayensa da kakanninsa ƴan ayari ne masu ɗauko gishiri da dabino daga Bilma su gangara da su ƙasar Hausa. Abin da ya tashe ni ƙarar kurar rijiya ce. Wani yaro yana jan raƙumi, raƙumin yana jan guga, gugan ya kai bakin rijiya ya juye ruwa a kan wani kututture da aka fafe, ruwan ya bi ƴar hanya ya shiga fangali. Dattijon yana tafe da ƙaramar hauya, ya toshe nan ya buɗe can, ba ya ko magana. Da rana ta leƙo ta kan dutse sai ya tsinko lemu biyu ya yanka, ya ɗora shayi a kan gawayi, muka sha zagaye uku da cuku. Ban ji motar kowa ba sai bayan azahar. Wanda ya ce wannan ba abin saye da kuɗi ba ne, bai taɓa gajiya irin ta birni ba.

To amma ni baƙo ne a ranar. Ban biya mai gadi ba, ban yi yaɓe ba, ban kwana da tunanin rufi ba. Wannan ne ya sa na ce wa ƙanena mu yi lissafin dare ɗaya. Alƙaluman da ke tafe misali ne kawai, kowa ya cire nawa ya sa nasa. Jika ɗaya dai sefa dubu ce. Mu ɗauka mai kula da gidan zai karɓi jika 25 a wata, jika 300 ke nan a shekara. Yaɓe da gyaran rufi da indararo bayan damina, a ce jika 100. Batirin sola, kwan fitila, kwado da ɗan ihsanin da ba a rasa yi wa maƙwabta, jika 50. Sai kuma abin da mutane ke mantawa: miliyan 6 ɗin nan da ka binne a gindin dutse, da ka sa su a ɗakunan haya ko shago a Tawa, a ce suna ba ka jika 40 a wata, jika 480 ke nan da ka yafe kowace shekara. In an tara, gidan yana cin sefa 930,000 a shekara. Ban sa kuɗin hanya ba, don ko gidanka za ka ko gidan wani sai ka biya shi.

Yanzu sai a raba da yawan kwanan da za ka yi a ciki. Mai kwana 14 a shekara, kowane dare ya tsaya masa a kan wajen jika 66. Mai kwana 30, jika 31. Mai kwana 60, kimanin jika 15 da rabi. Na tambayi ƙanena kwana nawa yake samu in ya zo gida. Ya ce wata ɗaya, wani lokaci ba ya kaiwa. A cikin watan nan akwai gaisuwar mutuwar waɗanda suka rasu ba ya nan, akwai suna da ɗaurin aure, akwai Inna da ba za ta yarda ya zo daga bakin teku ya wuce ta zuwa wani dutse ba. Daga Tawa zuwa Agadas kusan kilomita 400 ne, a kan hanyar da aka gina don yuraniyom, wadda duk direban da ke binta zai gaya maka yadda ta gaji. Daga Agadas zuwa Timiya fiye da kilomita 200, mafi yawa yashi da duwatsu, sai mota mai ƙarfi. Kwana biyu zuwa, kwana biyu dawowa. Da muka cire duk wannan, kwana goma ne suka rage masa, in ma komai ya tafi daidai.

Kuma lokacin da aka fi buƙatar wurin shi ne lokacin da ba a samun zuwa. Tsananin zafi yana faɗawa yara suna makaranta. Babban hutunsu kuwa yana zuwa da damina, lokacin da ƙoramun Abzin ke tasowa ba sallama, ruwan da ya zuba a wani dutse mai nisa ya zo ya yanke hanya kwana ɗaya ko biyu. Mutanen Agadas ba su manta da ambaliyar watan Satumba na 2009 ba. Saura hutun ƙarshen Disamba, gajere, kuma shi ne mafi daɗi. In kana da tsohuwa mai hawan jini ko matar da ke da juna biyu, sai ka ƙara tambayar kanka awa nawa ne tsakanin wannan rumfa da babban asibiti.

Nan ne masu son gidan ke cewa, to ai sauran kwanakin sai a ba baƙi haya, gida ya ciyar da kansa. Wannan magana ta fi kowace ba ni tsoro, don na ga zamanin da take gaskiya kuma na ga ƙarshensa. Bayan yarjejeniyar zaman lafiya tsakanin gwamnati da ƴan tawayen arewa ta 24 ga Afrilu 1995, Turawa suka dawo Abzin. Akwai shekarun da jiragen sama ke tasowa daga Faransa su sauka Agadas kai tsaye da sanyi, motocin yawon buɗe ido suna jere, maƙeran azurfa suna ciniki, matasa suna koyon Italiyanci da Jamusanci don ja-gora. Yankin Abzin da Tenere yana cikin jerin kayan gadon duniya na UNESCO tun 1991, kuma mutane daga nesa suna ɗokin ganinsa. A lokacin duk mai ɗaki huɗu a Iferwan ko Timiya yana ganin ya kama dahir. Sai watan Fabrairu na 2007 aka kai hari a Iferwan, tawaye ya sake tashi, aka dasa nakiyoyi a hanyoyi, garin ya kusan zama kufai. Kafin a farfaɗo, aka sace ma'aikata a Arlit a watan Satumba na 2010. Tsohon garin Agadas ya shiga jerin UNESCO a 2013, amma baƙin ba su dawo yadda suke ba. A farkon 2025 ma an sace Turawa mata biyu a cikin garin Agadas, wata uku tsakani. Na san mutanen kirki da suka zuba duk abin da suka tara a ɗakunan baƙi, yau tabarmi da buhunan albasa ake ajiyewa a ciki.

Ko a shekarun alheri, kakar baƙi wata huɗu ce, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Kuma baƙo ba ɗaki kaɗai yake saye ba. Yana son wanda zai tarbe shi, ya dafa masa, ya kai shi magangarar ruwan Timiya, ya san wace hanya ce lafiya yau. Mai wannan aikin shi ke cin kuɗin, kuma daidai ne ya ci. Kai da ke Abijan ko Yamai sai abin da aka ce maka ya rage. Baƙi na cikin gida akwai su, lokacin bikin Abzin da ake yi a Iferwan ko ma'aikatan da ke zuwa aiki, amma yawancinmu in mun je ƙauye gidan aboki ko ɗan'uwa muke sauka. Bahaushe bai saba biyan kuɗin kwana a garin da yake da wanda ya sani ba.

Saura maganar "ƙasa ba ta faɗuwa". A Tawa da Yamai maganar tana da ƙamshin gaskiya, saboda mutane ke ƙaruwa. Tun da aka buɗe jami'a a Tawa a 2010, aka kuma yi bikin Tawa Sakola a watan Disamba na 2017 da titunan da ya zo da su, unguwannin da muke kira daji sun zama gari. A Yamai gada ta biyu a 2011 da ta uku a 2021 sun sauya darajar filayen ƙetaren kogi. Fili yana tsada ne in masu nemansa sun fi shi yawa. A ƙauyen da ke tsakanin duwatsu, su wa za su nemi gidanka ranar da ka matsu? Maƙwabcin da lambunsa ke jikin naka, da ɗan garin da ya samu zinariya, sai kuma wani mai mafarki irin naka in Allah ya kawo shi. Kuɗi yana shiga arewa, ba a musu. Zinariyar Jado da Cibarakaten ta 2014 ta juya Agadas, safarar ƴan ci-rani ta kawo nata, dokar 2015 ta toshe ta, aka soke dokar a ƙarshen 2023. Sai dai arzikin can hawa da sauka yake kamar guga, kuma inda yake zuba, wato bakin tasha da kasuwa da hanyar ma'adinai, ba nan mai neman shiru ke son kwana ba.

Wannan na koye shi da aljihuna. A 2012 na sayi ɗaki biyu a kan wani tudu tsakanin Keita da Buza, yana kallon fadama. Ina son wurin tun zamanin babban aikin farfaɗo da ƙasa da Italiya da FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suka fara a 1984, wanda mata suka ɗauki duwatsu a ka suka jera a jikin tsaunuka har itatuwa suka dawo. Da saye da gyara na kashe kusan miliyan 2. Na gaya wa maiɗakina jari ne, na gaya wa kaina haka. A shekara huɗu kwana 19 na yi a ciki. Damina ta uku na je bayan wata biyar ban leƙa ba, na tarar wanda na bar wa amana ya tafi bida Aljeriya, ya bar mabuɗi a hannun wani yaro. Gara ta cinye azara biyu, rufin ɗakin gabas ya rufta a kan katifa, awaki sun maida ɗayan ɗakin garke. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon sararin sama ta inda rufi yake a da, ƙirjina ya yi nauyi. Da na yanke shawarar sayarwa, wata goma sha shida ina nema, daga ƙarshe maƙwabci ya saya a kan kusan rabin abin da na kashe, kuma kashi uku ya biya.

Duk da haka akwai abin da ba zan ce na yi asararsa ba. Cikin kwana 19 ɗin nan, tara na yi su ne da mahaifina, Allah ya jiƙansa, shekara guda kafin rasuwarsa. Kullum da la'asar sai ya zauna a kan dutse yana nuna mini inda suka yi kiwo suna yara. Da tun farko na ce wannan kuɗi na hutu ne, na kashe su kamar yadda ake kashe kuɗin biki, da na fita da farin ciki. Abin da ya yi mini ciwo shi ne na sa musu sunan jari, na jingina karatun ɗiyata a kansu, ranar da na nemi su dawo suka ƙi. Ga kuma abin da ya kamata masu kallon duwatsun Adar su sani: kusa suke, ana zuwa a dawo a yini ɗaya, kuɗinsu da sauƙi, iska na kaɗawa, amma ba su da tsayin da zai raba ka da zafin Afrilu.

Lambun shi ne kaɗai ɓangaren tayin da ke iya haihuwa, kuma a nan na daɗe ina tunani. Noman Abzin ba wasa ba ne. Lemu da rumman da inabi na Timiya sun yi suna, Bagzam tana fitar da dankalin turawa da tafarnuwa, albasar yankin Tabelot kuwa tana shigowa kasuwa a ƙarshen shekara, lokacin da tamu ta Galmi ta yi ƙaranci, sai ta samu farashi. Mu Adarawa ba sai an yi mana bayanin albasa ba. Amma mun kuma san lambu na wanda ke tsaye a kansa ne. Rijiya tana ja da baya in injinan ban ruwa sun yi yawa a ƙorama ɗaya. Ambaliya ɗaya tana iya share fangali da shinge. Lemu yana nuna lokaci ɗaya a kowane lambu, kuma sai ya sha girgizar hanya kafin ya isa Agadas, balle Tawa. Itace goma sha wani abu zai ba ka abin rabawa ƴan'uwa da ɗan abin da zai rage wa mai kula nauyi, ba zai mayar da miliyan 6 ba. In noman ne ya shiga ranka, ga tafkin Tabalak kimanin kilomita 50 daga Tawa, ga fadamun Majiya, inda za ka iya zuwa da safe ka ƙirga buhunanka da idonka. In kuma lallai na Abzin kake so, ya fi sauƙi ka haɗa gwiwa da manomin can, ka sa inji da iri da mai, a rubuta yadda za a raba amfani a gaban shaidu, ƙasa ta zauna a hannun mai ita.

Sai batun takarda, wanda ko don hutu ko don riba ba a tsallake shi. Abin da aka turo wa ƙanena hoto ne da kalmar aboki, cinikin biri a sama ke nan. Dokar filayen karkara ta 1993 ta kafa hukumomin da ake kira COFO, daga na ƙauye zuwa na ƙaramar hukuma zuwa na gunduma, su ne ke ba da shaidar mallakar gado da shaidar sayarwa, kuma daga nan ake bin hanyar titir fonsiye, wato cikakkiyar takardar mallaka ta gwamnati. A arewa akwai ƙarin abin lura. Tun 1961 doka ta shata iyakar noma, abin da ke arewa da ita yankin makiyaya ne, kuma dokar kiwo ta 2010 ta jaddada cewa filin kiwo na ƙasa ne, ba a mallaka wa mutum ɗaya. Gidajen cikin gari da lambunan bakin ƙorama suna da masu su na gado, amma in wani ya nuna maka fegi a gefen dutse ya ce ba na kowa ba ne, ka kama kuɗinka. A cikin lambun ma ana iya samun ƙasa ta wani, dabinon da ke kanta na wani, kuma a al'adar Abzinawa akwai itatuwa da dabbobin da aka yi hubusinsu, wato waƙafi, ga mata na zuriya, ba a sayar da su. In gadon ba a raba ba, ɗaya daga cikin magada ya sayar maka da kasonsa, sauran suna da haƙƙin shuf'a, su mayar maka da kuɗinka su karɓi abinsu. Don haka tambayar farko ita ce su wa da wa ke da haƙƙi, kuma kowannensu ya zauna a wurin cinikin, har da mata.

Ko malamin da za ka tambaya batun zakka, niyyarka zai fara tambaya. Gidan da aka saya don zama ko hutu babu zakka a kansa. Wanda aka saya don a sayar in ya yi tsada hajar kasuwanci ce, kuma a mazhabar Malikiyya mai jiran kasuwa irin wannan yana fitar da zakkar shekara ɗaya ranar da ya sayar, ɗaya cikin arba'in. Kuɗin haya kuwa sai sun kai nisabi, shekara ta kewayo a kansu.

To wa ya kamata ya saya? Na san wanda zan ce wa bismillah ba tare da shakka ba. Mutum ne da ya riga ya gina inda iyalinsa ke kwana, karatun yara ba ya jiran wannan kuɗi, ya ajiye aiki ko kasuwancinsa na tafiya ba sai yana nan ba, zai iya zama wata biyu ko uku a jere. Ya fi kyau in yana da jini ko aure ko tsohuwar amana a garin, wanda in rufi ya fara yoyo za a gyara kafin a kira shi. Irin wannan mutum, in miliyan 6 suka ƙi dawowa, ba zai fasa cin tuwo ba. A gare shi jika 15 a dare don barci mai daɗi da numfashi mai sauƙi ba tsada ba ce, kuma zamansa alheri ne ga garin, don zai sayi nono da itace da nama, ya halarci suna da jana'iza. Mai zuwa kwana goma kuwa, gidansa zai yi wata goma sha ɗaya a kulle a garin da samari ke neman ɗakin da za su sa amarya. Mutanen kirki ne, ba za su ce maka komai ba, amma ni ba na son zama mai irin wannan ƙofa.

Wanda riba yake nema, hanyarsa daban. Fili mai cikakkiyar takarda a inda gari ke miƙewa, ɗakunan haya kusa da jami'a ko asibiti ko kasuwa, ko lambu a inda ƙafarsa ke kaiwa. Su ma suna da nasu ciwon kai, ɗan haya mai taurin biya, fili ɗaya da aka sayar wa mutum biyu, manyan gidajen Yamai da suka rasa masu haya bayan baƙi da yawa sun tattara sun tafi tun daga 2023. Bambancin shi ne in ka matsu kana samun mai saye cikin makonni, kuma in an yi maka ba daidai ba ka san ƙofar da za ka buga. Daga ribar wannan jari sai ka ware kuɗin hutu, ka hau mota ka tafi Timiya a matsayin baƙo, ka kai wa mai masauki shayi da sukari da turmin atamfa na iyali, ka bar masa abin da ya fi kuɗin ɗaki. Bana Timiya, baɗi Bagzam, wata shekara Ingal lokacin bikin makiyaya na watan Satumba. In hanya ba lafiya, ka zauna gida, ba abin da ke ruɓewa a bayanka.

Duk wannan na faɗa wa ƙanena, murya bayan murya, har kusan awa guda. Ya yi kwana biyu bai amsa ba. Da ya kira sai ya ce, "Yaya, na ji. Amma ni dai ina son in ga wurin." Na ce wannan kam dole, zuwa da kai ya fi aike. Mun tsayar da cewa miliyan 4 za su shiga wani fili mai takarda a nan Tawa wanda na riga na kai mai awo ya duba iyakokinsa, sauran ya riƙe a hannu. Ƙarshen Disamba, in Allah ya kai mu kuma hanya ta yi kyau, za mu tafi tare mu yi kwana goma a wurin ɗan dattijon nan da ya taɓa saukar da ni, don shi dattijon ya rasu. Zai ga gidan da idonsa, ya leƙa rijiyar, ya zauna da magadan gaba ɗaya, ya ji yadda kwana na bakwai yake a wurin da waya ba ta shiga sai an hau tudu. In bayan shekara uku yana zuwa bai gaji ba, mu sake zama.

Jiya na nemi ɗan dattijon. Sai a kira na huɗu layin ya shiga. Ya ce lemu zai kai lokacin, kuma mu zo da barguna masu kauri, bana sanyi ya fara da wuri.